Iska a Bayan Jinka

Malam Kabo yana kan tsani, da igiyar rama a bakinsa, lokacin da ya hango yaron yana sauka daga acaɓa a bakin hanyar Toranke, da jakar kwamfuta a bayansa. Bai kira shi ba. Hadi ɗan fari ne, kuma shekara ashirin da biyu ke nan sunansa bai taɓa fita daga bakin ubansa ba. Sai ya ci gaba da ɗaurin jinkar rumbu, har ya ɗaure wuri ɗaya sau biyu.

Wata goma sha huɗu rabon yaron da gida. Karatun injiniya yake yi a jami'a, kuma tun da ya shiga ƙungiyar ɗaliban da ke ƙera motar tsere, hutu ya daina kawo shi. Tun shekaranjiya Malam Kabo ya share ɗakin zaure da hannunsa. Da matarsa Rekiya ta tambaye shi, ya ce gyaɗa za a zuba.

Hadi ya durƙusa ya gaishe shi. Ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo.

"Can ba a dafa abinci ne?" in ji Malam Kabo.

"Ana dafawa, Baba. Ci ne ba lokaci."

Bayan ya ci tuwo, sai ya buɗe kwamfutar a gindin darbejiya. Wayarsa ta yi ƙara sau uku. Malam Kabo ya matso kamar mai neman inuwa.

"Wa ke nemanka haka?"

"Shugabar ƙungiyarmu ce, Afra'u. Amsa take so kafin la'asar. Ni aka ɗora wa zaɓen manhajar da za ta nuna mana yadda iska ke bin jikin motar tun kafin mu ƙera ta."

Ya juyo masa da fuskar kwamfutar. Ga wata 'yar mota mai kama da fara, zare-zare masu launi suna kwarara ta kanta.

"Guda biyu ne," in ji Hadi. "Wannan mai sauƙi ce. Da waya da intanet, ko daga nan zan iya aikin. In ita muka ɗauka, mako shida zan yi a gida."

Malam Kabo ya dubi yatsun ƙafarsa. Mako shida. Za su ƙarasa cire gyaɗa tare. Za su tafi masallaci tare, mutane su gani.

"Ɗayar fa?"

"Wuya gare ta kamar haƙar rijiya. Sai a babbar kwamfutar makaranta, kuma sai na koye ta daga tushe. In ita ce, yau zan koma."

"To, mai sauƙi ai ita ce mai sauƙi," in ji Malam Kabo da sauri. Hadi ya ɗauki wayar ya fara rubuta wa Afra'u amsa a hankali, kamar wanda yatsa ke yi wa ciwo.

Idon Malam Kabo ya koma kan hoton. Aji uku ya yi a sakandare, amma shekara talatin yana baibaya, kuma babu rumbun da ya ɗaure da guguwar farkon damina ta taɓa kwarewa. A gaban motar zaren sun rabu da kyau. A bayanta kuwa sun haɗe sumul, kamar an taje su. Ya so ya yi shiru. Ya ma juya kai ya dubi akuya.

"Kai," ya ce. "Wannan abin ƙarya yake yi."

Hadi ya ɗago.

Malam Kabo ya tashi, ya ɗebi ƙaiƙayi a gindin turmi, ya tsaya gabas da rumbun ya watsa. Iska ta kwashe shi ta kan jinkar. Da ya sauka ta baya, sai ya tsaya yana juyi, yana komowa, yana lallaɓar ciyawar daga ƙasa.

"Ka gani? Masu koyo gaba suke ɗaurewa da ƙarfi, don nan iska ke duka. Amma ba ta gaba take kware jinka ba. Ta baya take zagayowa ta tsotse ta. Naka bai nuna juyin ba."

Hadi ya miƙe tsaye, idonsa ya kawo haske irin na ranar da ya fara hawan keke.

"Shi ne abin da nake gaya musu, Baba! Mai sauƙin nan, ragar da take tace iska da ita manyan ido gare ta, ƙananan juyi wucewa suke. Fiffiken bayan motar kuma a nan yake aiki."

"Mai wuyar tana nunawa?"

"Tana nunawa."

"Kuma mutum ne zai zauna a cikin motar nan?"

"Mutum ne."

Malam Kabo ya karkaɗe hannunsa a jikin riga, ya daɗe yana karkaɗewa bayan ƙaiƙayin ya ƙare.

"To, goge abin da ka rubuta."

Shi ya kai shi tashar Ajingi a bayan babur ɗinsa. Ranar kasuwa ce, motar Kano ba ta daɗe ba ta cika. Hadi ya leƙo ta taga.

"Baba, in mun gama, za ka zo ka gan ta?"

"In Allah Ya yarda. Ka riƙa cin abinci."

Motar ta tashi. Ɓawon gyaɗa da ledoji suka bi bayanta suna juyi, suna komowa. Ya tsaya yana kallonsu har suka kwanta.

Da ya koma gida, ya tarar da Rekiya a ƙofar zaure, riƙe da sabuwar tabarma da ba a ko warware ba.

"Malam, ɗakin fa?"

"A zuba gyaɗar," ya ce. Ya kama tsani zai hau, sai ya tsaya. "Amma a bar gefen taga."