Ranar Baba Muti

Duk mai kunna rediyo da safe a cunkoson motocin Legas ya san muryar Ibidun Akinrinade. Malamar tattalin arziki ce a jami'a, kuma ita ake gayyata idan ana son mai kashe wutar muhawara. In wani ya taso yana cewa a ƙwace dukiyar attajirai, sai ta tuna masa cewa masana'antunsu ne ke ɗaukar matasa aiki. In wani ya ce gwamnati ta sayar da asibitoci kowa ya ji da kansa, sai ta ce ƙasar da talaka ba ya samun gadon jinya ba ta cika ƙasa ba. Maganarta ba ta sauyawa: a bar kasuwa ta yi numfashi, mai kuɗi ya biya haraji, gwamnati ta riƙe makaranta da asibiti, a haɗa hannu. Kuma har cikin ranta ta yarda da hakan.

Yayanta Sunkanmi, jami'in ƙungiyar ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Apapa, shi ne ba ya raga mata.

"Madam Tsakiyar Titi," yakan ce idan sun haɗu cin amala, tuwon garin doya, a gidan mahaifinsu. "Wata rana motar danfo za ta kwashe ki, ko daga hagu ko daga dama."

"Egbon, ku da kuke bakin titi kuna ɗaga kwalaye, me kuka taɓa ginawa?" takan mayar masa, tana kiransa yaya da yarensu.

Baba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, sai ya yi ta dariya yana cewa su bari ya haɗiye lomarsa tukuna.

A damina ce ƙodar Baba ta gaza. Sun fara da asibitin kuɗi, ya cinye filinsa na Ikorodu cikin 'yan watanni, suka dawo asibitin gwamnati. Ibidun ta san sashen wankin ƙodar wurin sarai. Otunba Kolade Ajibulu ne ya gina shi, wani attajirin basarake mai jiragen dakon mai da gidaje a unguwar Ikoyi, kuma tana cikin kwamitin da ya shawo kansa. Ita ce ma ta yi jawabi ranar buɗewa, ta kira wurin misalin abin da take wa'azi a kai. Yanzu da ta dawo da mahaifinta a keken guragu, injina biyu kacal ke aiki. Sauran an lulluɓe su da zani. Ma'aikata sun ce gwamnati tana jiran Otunba ya gyara kayansa, ofishin Otunba kuma ya ce ai tuni kayan suka zama na gwamnati.

A bencin jira ta san Iya Muti, mai sayar da barkono da tumatir a unguwar Mushin. Mijinta, Baba Muti, direban danfo ne, wato ƙaramar bas ta haya, dogo, mai yawan zolaya ko da ƙafafunsa sun kumbura. Iya Muti ce ta nuna mata wace nas ake fara gaisarwa, da inda ake samun ruwan zafi. Ba ta zuwa sai da alale a ganye, kuma sai ta raba biyu.

"Anti Rediyo, ci mana. Turanci ba ya riƙe ciki."

"Iya Muti, za ki sa in kasa shiga kayana."

"To ki ba ni su, ni ciwon Baba Muti ya ramar da ni."

Wata Juma'a ɗaya daga cikin injinan biyu ya tsaya. Aka ce Baba sai makon gobe. Ibidun ta dube shi: fuska ta hau, numfashi yana fita da ƙyar, yana ta ce mata ba komai. Sunkanmi ya ja ta zuwa bakin matakala.

"Kina da lambarsa," ya ce, ba tare da ya kalle ta ba.

"Lambar wa?"

"Kin san wanda nake nufi."

"Egbon, kai ne yau kake cewa in kira Otunba?"

"Ubana ne, Ibidun. Ki kira."

Ta kira. Otunba ya ɗauka da fara'a, ana jin kiɗa da ƙarar cokula a bayansa. Ya yi faɗa don me ba ta gaya masa tun farko ba, ya ce wannan ai ƙaramin abu ne. Tana sauke wayar ta gaya wa kanta cewa ƙara lokaci kawai za a yi, ma'aikata su ɗan jinkirta tashi, ba wanda za a cire daga layi. Ba ta tambaya ba, kuma ta san dalilin da ya hana ta tambaya.

Ba a jima ba wani babban likita ya sauko da kansa, ya yi magana da nas a hankali. Aka turo keken Baba. A bakin ƙofar ɗakin Baba Muti na zaune, ya riga ya saka rigar asibiti, da tawul a wuyansa.

"Baba Muti, ku yi haƙuri," in ji nas ɗin. "An samu larura. Ku dawo Litinin."

Mutumin ya dubi nas, ya dubi keken da ake turawa, sai ya ɗaga wa Baba hannu.

"Oga jirgin ƙasa, kun sha gabana. Dama jirgi ba ya tsaya wa danfo."

Baba bai fahimci abin da ya faru ba, ya yi murmushi aka wuce da shi. Iya Muti ta naɗe zaninta, ta tattara kwanuka, ta tallafi mijinta. Da suka zo daidai Ibidun, Iya Muti ta ce, "Allah ya ba Baba lafiya." Ibidun ta amsa da amin, idonta a kan jakar hannunta.

Baba ya fito da yamma numfashinsa ya daidaita, har ya nemi shayi. Ranar Litinin bencin Iya Muti babu kowa. Mai shara ce ta gaya musu: ranar Lahadi ruwa ya cika ƙirjin Baba Muti, kafin a samu motar da za ta fito da shi daga lungunsu ya rasu.

Sunkanmi ya ce likita ya tabbatar masa jikin mutumin dama ya yi nisa, wataƙila ko an wanke masa ƙodar ba zai kai ba. Ya faɗa sau biyu, da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata. Daga ranar bai sake zolayar ƙanwarsa ba, ita ma ba ta sake tambayarsa me ya gina ba. Idan suka haɗu, maganar magani suke yi da ta abincin da aka hana Baba.

Ibidun ta kasa cin abinci sosai. Ta shirya ta tafi gidan Otunba a Ikoyi. Sai da aka buɗe mata ƙofofi uku. A tsakar gidan ruwa na tashi sama yana zubowa kan duwatsu, ga jirgin ruwansa fari a ɗaure a bakin tabki. Ya saurare ta har ta gama, kuma ya nuna alhini na gaske.

"Farfesa, ki yi min adalci," ya ce. "Na biya haraji. Na gina ɗaki, na sayo injina. Yanzu kuma ni zan riƙa bin su da makaniki har in mutu? To ina amfanin gwamnati? Ke da bakinki kike cewa kowa ya ɗauki nasa kason."

Ta nemi inda maganarsa ta karkace, ba ta samu ba. Ita ce maganarta, kalma da kalma. Duk da haka ta roƙe shi, ya kuwa yarda ya gyara injinan, wannan karon kaɗai. Ta kuma yi ta zarya ma'aikatar lafiya kan a ware kuɗin gyara duk shekara, aka yi ta ba ta kujera da alƙawari.

Ranar addu'ar mamacin ta tafi Mushin. An kafa rumfa a tsakiyar lungu, direbobin danfo sun cika benci, mata na kwashe shinkafa daga manyan tukwane. Iya Muti na hango ta ta taso, ta riƙe hannunta, ta shigar da ita ɗaki. Ɗaki ɗaya ne, da gado da kwandunan barkono a jingine. Muti, babbar 'yarsu, ta kawo kwano ta ajiye ta fita.

Ibidun ta durƙusa kamar yadda ake yi wa babba, ko da yake kusan sa'anni ne.

"Iya Muti, akwai abin da na zo in gaya miki. Ranar Juma'ar nan, ni ce na..."

"Na sani, Anti. Tashi ki zauna."

"Kin sani?"

"Tun a wurin. Na ga kin fita da waya, na ga babban likita ya sauko. Shekara nawa muna zuwa, ban taɓa ganin ƙafarsa a ƙasa ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Shi ma Baba Muti ya gane. A mota ya ce min, da Muti ce ke da lambar babban mutum ba ta kira ba, da sai ya tsine mata."

Ibidun ta ji hawaye na zubo mata, ta kasa tsayar da su. Da matar ta zage ta, da ta fi samun sauƙi.

"Ba na ce na ji daɗi ba," Iya Muti ta ci gaba. "Akwai ranar da na tashi ina jin in na gan ki sai na yaga miki riga. Yau dai ba na jin haka. Gobe ban sani ba."

"Za a gyara injinan. Duka."

"To madalla. Masu rai za su amfana." Ta dubi ƙofa. "Yaya Baba?"

"Yana samun sauƙi. Kullum sai ya tambayi labarin direba."

"Me kuka ce masa?"

"Mun ce an mayar da shi wani asibiti."

Iya Muti ta girgiza kai. "Ku gaya masa abokinsa ya rasu, ya yi masa addu'a. Sauran kuma ki riƙe a cikinki, tsoho ba zai iya ɗauka ba."

Aka kira ta daga waje, liman ya iso. Ta miƙe ta fita, ta bar Ibidun ita kaɗai a bakin gadon, tana jin an fara karatu a rumfa.