Muryar Baba a Bakin Rijiya

Ni dai kowa ya san bakina. Ko a taron mata na coci, in na ɗaga hannu sai shugabarmu ta yi kamar ba ta gani ba. Wata Laraba na kawo musu abin da ya dame ni: aya ɗaya ta ce a tsawata wa mai kuskure da ƙarfi, wata kuma, shafi biyu kacal tsakaninsu, ta ce a gyara shi cikin tawali'u. To wacce za mu bi? Aka yi ta kame-kame har lokaci ya ƙare. Ni kuwa na zaɓi ta tsawa, don da ma ita ta dace da halina.

A gida na tambayi surukina, wanda muke kira Baba. Tsohon mahaƙin rijiya ne, irin mutumin da ko akuya ta shiga ɗakinsa sai ya roƙe ta ta fita. Shekara tara ina gidan ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

"'Yata, ai hannu ɗaya ne ya rubuta su," ya ce, yana gyaran igiya.

"Baba, wannan ba amsa ba ce."

Ya ci gaba da gyaran igiyarsa, na tafi ina ƙunƙuni.

Ranar Asabar da hantsi maigidana, wanda ya gaji sana'ar, ya sauka yasar rijiyar tsakar gidanmu. Tiyon zuƙo ruwa ya yi masa gajarta, sai ya zura ƙaramin injin jan ruwa cikin rijiyar ya kunna. Ina shanya na lura ban ƙara jin guga yana motsi ba. Na leƙa. Ga maigidana can ƙasa zaune cikin laka, kansa jingine da bango, hayaƙi ya cika ramin.

Na ƙwala kira, Baba ya fito da sauri ya janye injin da igiyarsa. Maƙwabta suka taru. Wani ya fara cire riga zai sauka, Baba ya riƙe shi, ya ce duk wanda ya shiga, shi ma nan zai kwanta. Hanya ɗaya ce ta rage: maigidana ya ɗaura wa kansa igiya da hannunsa.

"Ɗana, ga igiya nan. Ɗaura a ƙirjinka."

"To, Baba," muka ji daga ƙasa, kamar mai magagi. "Bari in ɗan huta."

Na buɗe wannan bakin nawa da ake tsoro, ko kalma ɗaya ba ta fito ba.

Sai Baba ya kwanta rub da ciki, ya zura kansa cikin rijiyar.

"Tashi, ragon banza! A gabana za ka mutu cikin laka? Na ce ka ɗaura!"

Rijiyar ta dawo da muryar har na ji ta a tafin ƙafata. Tsoron Allah ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko a cikin coci. Baba ya yi ta zagi yana tsawa, jijiyar wuyansa kamar za ta tsinke, har igiyar ta motsa, ta yi nauyi. Maza shida suka ja.

Da aka shimfiɗe shi a inuwa yana tari, Baba ya ɗora kansa a cinya, yana goge masa laka da bakin rigarsa, a hankali kamar mai goge jariri. Muryarsa ta dishe, sai da na durƙusa kusa na ji abin da yake faɗa.

"Ka yafe mini, ɗana. Tunda aka haife ka ban taɓa zaginka ba."

Maigidana ya buɗe ido da ƙyar, ya lalubo hannun tsohon ya riƙe.

"Baba, da ka ci gaba da lallashina, da na yi barci."