Muryar Ɗan'iya a Tsakiyar Gulbi

Ni Inuwa, mai sitidiyon bayan kasuwar albasa, abin da na fi taƙama da shi shi ne buɗe waƙa. Daƙiƙa goma na farko nake kama mutum. In ajiye kalangu a kunnen hagu, gurmi a na dama, in sa murya ta taso daga gefe guda ta ratsa kan mai saurare. Sauran masu haɗa kiɗa na Malanville komai a tsakiya suke cusa shi kamar kaya a buhu, kuma ba na ɓoye musu cewa na raina aikinsu.

Salamatou mai waƙar biki ce ta sauke mini girman kai. Ta zo da wayarta ta ce waƙar wanta take so, Ɗan'iya, matuƙin kwale-kwale. A watannin da aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, mutane suka koma ƙetarewa ta ruwa, ya taso daga gaɓar Gaya da fasinja, jirgin ya kife a tsakiya. Har yau ba a ga gawarsa ba. Kafin ya taso ya aiko mata saƙon murya cewa ta ɗora ruwan shayi, ga shi nan tafe. Ta ce tun ranar ba ta iya sake buɗe saƙon ba, ba ta kuma barcin kirki. Saƙon nan take so a fara waƙar da shi.

Na yi murna, Allah ya yafe mini. Na je bakin gulbi na ɗauko ƙarar filafili. Na sa muryar ta taso can ƙuryar hagu, ta riƙa matsowa a hankali, tana kaiwa tsakiya na sa ta dushe, ruwa ya rufe, kalangu ya faɗo. Ni kaina tsigar jikina ta tashi, na ce lallai na yi aiki.

Ranar Asabar da hantsi ta dawo. Na sa mata kas, abin saurare, a kunnuwa, na danna. Sai na ga ta waiwaya hagu da sauri, inda babu kowa sai bango. Idanunta suka fara bin wani abu a iska, sannu sannu, har suka tsaya daidai kaina. Ta sandare. Bakinta a buɗe, numfashi ya ƙi fita. Tsoro ya kama ni sosai, don na taɓa ganin wanda ya faɗi a haka bai tashi ba. Na kira sunanta sau uku. Na miƙa hannu zan cire kas ɗin, ta damƙe wuyan hannuna, yatsunta sanyi ƙalau.

"Tsakar gulbi anka bar shi," ta ce. "Kai ma nan kab bar shi."

Na fara rantsuwa cewa salo ne kawai, zan goge, zan mayar da muryar tsakiya kamar ta kowa. Ta girgiza kai. Ta ce ba gogewa ta ce ba.

"Ka hidda shi gaɓa."

Na zauna gaban na'urar, na kama layin da ke tafiyar da muryar daga kunne zuwa kunne. Muryar mamaci ce nake ja da yatsa, kuma sai a lokacin na san haka. Na cire dushewar, na rage ruwan, na ja layin daga hagu har ƙarshen dama. Ban yarda na saurara ba. Na danna, ina addu'a a zuci kada ta mutu mini a ɗaki.

Kanta ya bi shi daga bango, ya wuce ni bai tsaya ba, ya kai dama, wajen ƙofa. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta gyara mayafinta, ta ɗan rusuna.

"Sannu da isowa, yaya," ta ce.