An Ɗora wa Iska Laifi

A garinmu mutum zai iya zuƙe kwalin taba biyu a yini, ya kora da barasar gida, ya hau tarakta ya bi bakin kwari, babu mai ce masa kanzil. Amma ya kuskura ya buɗe taga alhali ƙofa tana buɗe, sai ka ga tsofaffi sun dafe wuya suna kururuwa. Iskar da ke shiga ta nan ta fita ta can ita ce promaya, kuma babu gidan da ba shi da kawun da ta karkace wa baki, ko gwaggon da ta kai kabari.

Milun ya taso da tsoronta kamar kowa. Shekara ashirin da biyu yana aikin kwana-kwana da hular ulu a ƙarƙashin ta kwano, saboda kada ta shige masa kunne. Sai ranar da bas ɗin ma'aikatan masaƙa ta kife a kwanar da ke ƙasan gada ta kama da wuta. Shi ne mai riƙe almakashin yanka ƙarfe. Ya fito da mutum tara. Sauran shida ya ji muryoyinsu, bai kai gare su ba. Ko ƙwarzane bai samu ba, har aka ba shi lambar yabo da hoton wani waliyyi yana kwara ruwa a kan ɗan ƙaramin gida.

Abin da ya biyo shi gida ƙauri ne. Da zarar an rufe ɗaki, sai ƙaurin ya taso masa daga ƙasa kamar ruwa yana cika randa, sai ya kai masa wuya. Babu mai jin sa sai shi. Maganinsa ɗaya, a buɗe taga da ƙofa iska ta ratsa.

"Kai mutumin nan," in ji matarsa Stamena, tana naɗe da mayafi biyu a cikin kicin ɗinta, "in kashe ni kake so, ga gatari can a bayan ƙofa. Ya fi sauri."

A motar aiki ma haka. Duk tsawon hunturu yana zaune a baya da gilashi biyu a sauke, abokan aikinsa sun cure a gefe suna zagin kakanninsa. Suka laƙaba masa suna Fanka.

A watan Fabrairu aka kira su wani ƙaramin haɗari. Wata mata ce ƙafarta ta maƙale a ƙarƙashin sitiyari, tana kallon Milun tana ce masa, "Ɗan'uwa, yi sauri." Ya tsaya da almakashi a hannu, yatsunsa suka ƙi matsawa. Sai da Obrad, shugaban tashar kwana-kwana, ya fizge ya yi aikin da kansa. Matar ta rayu. Obrad bai yi masa faɗa ba, ya dai tura shi babban birni wurin wata matashiyar likitar ƙwaƙwalwa, ita kuma ta rubuta sunan ciwon, doguwar kalma mai gaɓa-gaɓa kamar jirgin ƙasa, ta ba shi hutun wata shida.

Maganar a taƙaice take. In kwamitin likitocin inshora ya yarda a bakin aiki ya samu ciwon, za a ɗauki nauyin maganinsa, a sauke shi daga mota a ba shi aiki mai sauƙi. In bai yarda ba, ko ya koma riƙon almakashi, ko ya ajiye hularsa ya tafi gida. Milun kuwa ba komawa motar ba ce kawai take ba shi tsoro. Wanda zai maƙale a haɗarin mota na gaba, ranar da Obrad ba ya kusa, shi yake gani.

A zaman farko an ba shi fom mai zanen mutum tsirara, hannuwa a buɗe, ba ido ba baki, aka ce ya sa alama a inda ya ji rauni. Ya daɗe yana neman hanci a jikin zanen, babu. Yana cikin nema shugaban kwamitin ya ɗago ya ce, "To, Milun, ya jiki?"

"Lafiya lau, likita, mun gode Allah. Ya iyali?"

Haka uwarsa ta koya masa. Sakatariya kuwa ta buga a na'ura. Bayan mako uku takarda ta zo: mai neman diyya ya shaida da bakinsa cewa lafiyarsa lau.

Suka ɗaukaka ƙara. Aka sa ranar Juma'a a cikin Agusta, hutunsa kuma Litinin zai ƙare. Tun a tashar mota Stamena take masa bita.

"In aka ce ya jiki, ka ce me?"

"In ce da sauƙi."

"Ba sauƙi! Ka ce ba sauƙi, kan kabewa!"

"Haba, Stamena. A gaban mutane?"

Obrad, wanda ya zo a matsayin shaida, ya ce, "Bar shi, Stamena. Wannan ko a akwatin gawa aka gaishe shi sai ya ce lafiya lau, ya tambayi yara."

Ɗakin kwamitin yana hawa na uku. Zafi kamar tanda, amma tagar a rufe take gam, an ma toshe gefenta da tsohuwar jarida, saboda ƙofar ɗakin ba ta kamawa sosai. A kan kabad akwai wata busasshiyar fulawa da aka ci gaba da ba wa ruwa, ko don sabo. Likitoci uku suna zaune, a tsakiyarsu Dokta Leposava, tsohuwa mai gyale a wuya. Ta ɗaga takardar matashiyar likita da yatsu biyu.

"Na karanta. Yaran yanzu sun iya rubutu. Kakana ya yi yaƙi biyu, ya dawo da kunne ɗaya, bai taɓa jin sunan wannan ciwon ba. Ka ga, ɗana, mu rauni muke nema. Wanda yake da wuri a jiki, da rana, da awa. Ina naka yake?"

Milun ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan. Ya fara da kwanar ƙasan gada, da yadda bas ɗin ta kwanta a gefenta. Ya kai kan wani mutum a kujerar baya da yake ta buga gilashi da kwanon abincinsa. A nan ƙaurin ya taso. Ya ji shi a gwiwa, ya ji shi a ƙirji. Likitan da ke hagu yana duba agogo. Milun ya miƙe ba tare da neman izini ba, ya yage jaridar, ya wangale tagar.

Daidai lokacin sakatariya ta turo ƙofa da tiren gahawa.

Iska ta ratsa ɗakin kamar an daɗe ana bin ta bashin hanya. Takardu suka tashi sama. Likitan hagu ya toshe kunnuwa biyu, na dama ya duƙa bayan tebur, Stamena ta yi alamar gicciye daga bakin ƙofa.

"Promaya!" Dokta Leposava ta ƙwalla. "Rufe! Rufe, kai! Haukacewa ka yi?"

Obrad ya rufe tagar. Milun ya tsaya yana haki, hannunsa na dama yana rawa, fatar idonsa tana motsi.

"Ku yi haƙuri," ya ce. "Haka nake yi tun bara."

"Tun bara? A ina?"

"A gida. A motar aiki."

Tsohuwar ta juya wurin Obrad. "Gaskiya ne?"

"Na rantse, likita. Gilashi biyu a sauke, hunturu guda cur, muna sharara gudu a kan dutse. Wani lokaci ma a jiƙe yake sharkaf da gumi."

"A jiƙe," in ji likitan dama, yana fitowa daga bayan tebur a hankali. "Da gumi."

Milun ya ba da labarin mutum shida a ɗakin nan ba wanda ya ƙifta ido, amma yanzu fuskoki uku suna kallonsa da tausayin da bai taɓa gani a ofis ba. Dokta Leposava ta taso da kanta, ta zagayo, ta dafa masa ƙeya da yatsunta masu sanyi. Ta kama hannun da ke rawa, ta leƙa idon.

"Ga shi nan a fili. Jijiya ce. Haka ta fara wa mijin ƙanwata, Allah ya ji ƙansa. Kuma a motar hukuma, a lokacin aiki. Kai kuma," ta harari Obrad, "kana shugaba ka bar bawan Allah yana zama a tsakanin gilashi biyu?"

"Likita," Milun ya ce, "ba iskar ba ce. Iskar ita ce take..."

Takalmin Obrad ya sauka a kan ƙafarsa, takalmin kwana-kwana mai ƙarfe a baki.

"Wuyan yana maka ciwo?" Dokta Leposava ta tambaya.

Milun mutum ne da bai iya ƙarya ba. Guda ɗaya da ya sani ita ce ta gaisuwa, ita ma ta riga ta ci shi. Ya kalli tagar da aka rufe. Ya tuna Litinin, ya tuna matar nan da ƙafarta a ƙarƙashin sitiyari tana kiransa ɗan'uwa.

"Sosai," ya ce.

Aka tsinto fom ɗin daga ƙasan kujera. Dokta Leposava ta zana alama a wuyan mutumin nan marar fuska, ta buga hatimi.

Hukuncin ya ce jijiyoyinsa sun taɓu sakamakon iska mai sanyi a bakin aiki. A ɗauki nauyin jinyarsa, a tura shi wankan ruwan zafi na mako uku, a sauke shi daga mota, a ba shi aiki a inda iska ba ta ratsawa. Stamena ta sa takardar a gilashi ta rataye a falo, tana nuna wa maƙwabta. Shekara guda tana faɗar illar promaya, yau ga gwamnati ta tabbatar. Matashiyar likitar ta karanta ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Sun rubuta jijiya. To ai jijiya aikina ce. Ka riƙa zuwa ranar Alhamis."

Wurin da iska ba ta ratsawa a tashar guda ɗaya ne, sito, a ƙarƙashin ƙasa, babu ko ƙofar ɓera. Ranar da Milun ya kama aiki ya sauka matakala bakwai, ya tarar ƙaurin ya riga shi zuwa yana jiran sa a tsakanin kwalaye. Ya hauro da sauri ya jingina da bango.

Obrad ya miƙo masa zoben makullai. "Wannan na sito. Wannan na akwatin magani. Wannan kuma na hasumiya."

"Hasumiya?"

"Wa kake so ya shanya mesar kashe gobara? Ni? Aikin mai sito ne, tun zamanin kakanka."

Hasumiyar shanya mesa tana bayan tashar, doguwa, siririya, an yi mata bangon katako mai tsaga-tsaga daga sama har ƙasa domin iska ta shiga ta kowace kusurwa. A ƙolinta shamuwa ta yi sheƙa. Babu wurin da ya kai ta promaya a duk gundumar, shi ya sa tsohon mai sito yake rataye mesa ya fita a guje kamar an biyo shi. Kwamiti bai san da ita ba, don ba ta cikin fom.

Tun daga ranar ba a taɓa samun mesa mai danshi a tasharmu ba. Wadda ta bushe ma sai Milun ya sake wanke ta. Yana zama a ƙasan hasumiyar a kan bokitin da ya kife, mesa suna lilo a samansa, iska tana fito a tsakanin katako, ga gyalen da Stamena ta saƙa masa a wuya saboda umarnin likita. In jiniya ta tashi yakan dafe gwiwa har motar ta fita, sannan ya saki.

Wata safiya Obrad ya leƙo, ya tsaya daga waje yana kare kunnensa da tafin hannu.

"Fanka! Ya jiki?"

Milun ya buɗe baki zai ce lafiya lau, sai ya fasa. Ya leƙa bayan Obrad, babu sakatariya, babu na'ura.

"Ƙaurin yau iya gwiwa ya tsaya," ya ce.

"To," in ji Obrad. "Gyara gyalenka, kada iska ta kama ka."