Ana Jiran Mutum Ɗaya

"Kar ki cire wayar nan, Yaya," in ji Injiniya daga kan katifa, muryarsa da ƙyar take fita.

Yayarsa ta saki soket ɗin tana mita, wai tsohuwar kwamfutar nan ta cika ɗaki da zafi da ƙugi, mara lafiya kuwa iska yake bukata. Tela, maƙwabcinsu, yana tsugune a bakin ƙofa.

Injiniya dai bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Gyaran injin saƙa yake yi har ranar da aka rufe masaƙar, abokan aiki suka watse kowa ya kama gabansa. Shi ne ya tsinto wannan kwamfuta a kayan gwanjo, ya mai da ita sabar, wato gidan wasansu a intanet. Ya shata fili, ɓangaren Ja da na Shuɗi, kowa na kare tutarsa. Su goma ne, shi da Tela da tsofaffin abokan aikinsa, duk la'asar suke haɗuwa ta waya, manyan mutane da furfura suna ihu a kan tuta. Tela ba mata, ba ɗa. A wannan sa'ar kaɗai ake zolayarsa, kuma tsoron rasa ta ya hana shi sukuni.

Kwana uku Tela yana zuwa don ya koyi sarrafa sabar, kunya ta hana shi tambaya. Ta yaya za ka ce wa mutum ya miƙo aikinsa tun yana numfashi?

"Ɗauko takarda, Tela," in ji Injiniya. "Ka ishe ni da kallon akwatin nan kamar kyanwa ta ga kifi."

Ya faɗa masa yadda ake kunnawa, da lambar sirri, da abin yi in wuta ta ɗauke. Tela yana rubutawa a bayan takardar awo. Ba su kai ƙarshe ba numfashi ya gagari Injiniya, Yaya ta ce a bar shi haka. Bayan kwana biyu Injiniya ya rasu da hantsi, tana tsakar gida tana shanya zanen gadonsa.

Da mako ya zagayo Tela ya kinkimi kwamfutar zuwa shagonsa, ya ajiye ta gefen keken ɗinki, ya bi takarda layi-layi. Ta kama. Su tara suka shiga, aka yi wa juna gaisuwa, aka tsaya jira.

Wasa ya ƙi farawa. Allo ya rubuta: ana jiran mutum ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, Direba, shi ne ya tuna cewa tun farkon kafa sabar an yi rigima don biyar sun lallasa huɗu, sai Injiniya ya ɗaure wasan, ba ya tashi sai ɓangarori sun yi daidai. Tela ya juya takarda gaba da baya, babu yadda ake kwancewa. Aka nemi na goma, ba wanda ya san wani mai sha'awar wasa da tsofaffin ma'aikatan masaƙa.

Wani a cikinsu, Mai Walda, ya ce to shi bari ya haƙura ya fita, a zama huɗu-huɗu. Tela kuwa ya san halin mutanensa: wanda ya fita yau gobe ba zai dawo ba, jibi wani ya bi shi.

"Zauna," ya ce. "Ni zan fita, ɗinki ya yi mini yawa."

Ba shi da ko riga ɗaya a hannu. Ya fita, ƙidaya ta fara, muryoyi suka kaure. Ya kifa wayarsa a kan tebur, ya jawo fankar shagon ya juya ta wajen kwamfutar.