Minsharin Lachlan

Sunana Hector Galbraith. Shekara arba'in da ɗaya na yi ina walda a wurin ƙera jiragen ruwa. Ina ɗan sha huɗu na bar makaranta. Ban taɓa roƙon kowa ba, kuma maganar gidana ba ta fita waje.

Ɗa ɗaya gare ni, Lachlan. Ya haura arba'in, tare muke zaune tun rasuwar uwarsa. Allurar ƙwaya yake yi wa kansa. Duk layinmu an sani. Ba wanda ya taɓa tarar ni da zancen, ni ma ban taɓa furtawa ba.

Sai gwamnati ta zo da maganar ɗaki. Wai za a buɗe shi a tsohuwar kasuwar kifi, masu allura su shiga su yi abinsu a gaban ma'aikaciyar jinya, wanda ya faɗi a tashe shi. Aka kira taro a zauren coci ranar Laraba da hantsi. Na sa kwat ɗina na zuwa jana'iza, na je.

Kansiloli biyu ne suka kara. Fergus Tennant ba ya so, Elspeth Muir tana so.

Fergus ya ce, "Mu sa musu labule da furanni mana, Elspeth. Shayi da biskit ma, kada su wahala."

Ta ce, "Yi dariyarka. Mutum sha tara muka binne bara. Wanda ya mutu ba ya daina komai, Fergus."

Wata mata daga baya ta ɗaga murya. "To a buɗe a ƙofar gidanki, mu gani!"

Aka yi ta hayaniya. Na miƙe, wurin ya yi tsit, don ba a saba jin muryata ba.

Na ce, "A zamaninmu mutum ya sha ya faɗi, mu ɗauke shi mu kai shi gida, Litinin ya fito aiki. Gwamnati ba ta riƙe masa kofi ba. Kunya ce ta ƙare a garin nan, ba ɗaki ba."

Aka tafa. Wullie Kerr, abokin aikina na dā, ya bugi kafaɗata. "Kai, tsohon ƙarfe! Ashe kana da harshe? Shekara arba'in ina zaton ka haɗiye shi."

Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba.

A bakin ƙofa Ishbel Rennie ta tare ni, ma'aikaciyar jinya ce, 'yar wani abokina da ya rasu. Ƙananan kwalaye take rabawa, maganin da ake fesa wa mutum a hanci in ƙwaya ta danne numfashinsa.

Ta sassauta murya. "Baba Hector, sa wannan a aljihu. In ka ji yana wani irin minshari, kada ka..."

"Wa?"

Ta dubi mutanen da ke bayana. "Ko wane ne, Baba."

"Darajar ubanki kika ci, yarinya. Ba mai buƙatar wannan a gidana."

Na wuce, hannunta a miƙe. A cikin makon majalisar gari ta kayar da maganar ɗakin, ƙuri'a bakwai da biyar.

Asabar ta uku bayan taron, na dawo daga sayen burodi wajen ƙarfe biyu na rana. Na tarar da Lachlan a kan doguwar kujera, baki buɗe, yana minshari mai ƙarfi.

Na san abin yi. Na yi wa ubana, na yi wa Wullie sau ba adadi. A wurinmu in mutum ya bugu ba a kiran kowa, tona asiri ke nan. Ka cire masa takalmi, ka juya shi ta gefe, ka lulluɓe shi da kwat, ka ajiye bokiti kusa da kansa. In yana minshari, lafiya lau, barci zai wanke shi. Haka na yi, ban tsallake ko ɗaya ba. Har labule na ja don kada maƙwabta su leƙo.

Na ce, "Dube ka. Ƙaton banza."

Na kunna rediyo, ana ƙwallo. Minsharin ya hana ni ji, na ƙara murya. Kafin a tafi hutun rabin lokaci minsharin ya ɗauke. Na ce a raina, yanzu ya samu barcin kirki. Na shiga na ɗora miyar sha'ir, irin wadda yake so.

Da aka tashi wasa na kawo masa kwano. Na taɓa wuyansa, ba alamar rai.

Mai motar asibiti saurayi ne, bai ɗaga mini murya ba. Ya ce, "Baba, tun yaushe yake minsharin?"

"Kusan awa ɗaya."

"Babu na fesawa a gidan?"

"Babu."

Ya sunkuyar da kai, ya naɗe kayansa. Daga baya Ishbel ta gaya mini ba barci ba ne, numfashi ne yake ƙarewa. Ni na tambaye ta. Ta so ta yi shiru, na ce ta faɗa.

Kansilolin duka biyun sun zo jana'iza. Fergus ya riƙe hannuna ya ce wannan ya nuna sai an tsananta doka. Elspeth ta jira aka fara shan shayi, ta ce ko zan yarda a ambaci sunan Lachlan a majalisa. Na nuna wa kowannensu ƙofa.

Da aka sake kiran taro a kaka, na je da kaina. Mutane ba su kai rabin na farko ba. Na miƙe na faɗi abin da ya faru, takalmin, kwat ɗin, rediyon. Ba wanda ya tafa. Wullie yana ta kallon hularsa. Shugaban taro ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce za a ɗage maganar sai bayan zaɓe.

Ishbel tana bakin ƙofa da kwalayenta. Na miƙa hannu a gaban kowa, ta ba ni ɗaya. 

Kwalin yana kan teburi kusa da rediyo. Ni kaɗai ne a gidan.