Ruwan Kududdufin Tsiga

Shekara takwas Malama Fibi Levi tana kan mataki ɗaya a sashen kimiyyar sinadarai na wata kwaleji a Funtuwa. Takwas fa. Waɗanda ta koya wa riƙe kwalbar gwaji sun je sun ƙaro karatu sun tsallake ta, har ɗaya daga cikinsu, Dakta Aƙilu, shi ne shugaban sashe yanzu. In ta gaishe shi sai ya sunkuyar da kai, ita kuwa wannan kunyar tasa ta fi zagi ƙona mata rai. Abin da ya tsaya tsakaninta da ƙarin girma takarda ɗaya ce tak da za ta fito a mujallar masana, kwamitin ƙarin girman kuma a Disamba zai zauna.

Aikin nata ba mai wuyar faɗi ba ne. Tana da inji kamar ƙaramin bahon ƙarfe, mai sakin sautin da kunnen mutum ba ya ji. Sautin kan tayar da ƙananan kumfa cikin ruwa su yi ta fashewa, fashewar ta wargaza dafin maganin feshi. Duk wanda ya tashi a ƙasar Bakori ya san inda maganin ciyawa ke zuwa in an yi ruwa: daga gonar masara ya gangara kududdufi, inda awaki ke sha, mata ke wanki.

Mujallar ta yarda da aikin, amma da sharaɗi. Ruwan da ta haɗa da hannunta a ɗakin gwaji bai ishe su ba, na kududdufi suke so, wanda aka ɗeba lokacin feshi, su ga sakamako kafin ƙarshen Oktoba. A daidai nan injin ya ga damar mutuwa. Aka kai shi Kano, mai gyara ya yi ta gobe-gobe har wata uku. Firjin sashe kuwa tun bara ya koma ma'ajiyar takardu.

Fibi ba ta zauna ba. Duk Asabar sai ta hau mota zuwa garinsu Tsiga, ta shiga laka har gwiwa ta cika kwalba biyu, ta manna musu kwanan wata. Sati shida, kwalba goma sha biyu. Ta binne su rabi cikin jiƙaƙƙen yashi gefen randar mahaifiyarta, Mama Rahab, don ba ta san wani wuri mai sanyi da duhu kamar nan ba. Ta ce, “Mama, kada kowa ya sha, kada yara su taɓa.” Tsohuwa ta ce ta ji.

Ran da injin ya dawo saura kwana tara wa'adin mujallar ya cika. Ta isa Tsiga da hantsi, an gama karyar masara, uwar na tsakar gida tana ɓarar wake. Ko gaisuwa ba su gama ba tsohuwa ta shiga ɗaki da fara'a ta fito da kwalaben a tire. Sai ƙyalli suke. Ruwan ciki fari tas kamar na famfo, takardun kwanan wata babu ko ɗaya.

“Mama, wane ruwa ne wannan?”

“Naki mana. Ba gaban manya kika ce za ki kai shi ba? Ruwa jawur, yana wari, a ce daga gidan Levi ya fito? Na juye su duka a bokiti, na daka ƙwayar zogale na zuba ya kwanta, na tace da farin ƙyalle sau biyu. Kwalaben ma da toka na wanke su. Kuma ba wanda ya sha.”

Fibi ta zauna a kan turmi. Ga takaici, ga shi ba wanda za ta sauke wa. Haka uwar ta riƙa gyara musu ruwan sha tun suna yara, shi ya sa ciwon ciki bai kwashe su ba.

“Mama, dattin nake so. Dattin shi ne aikin.”

“Ai ba ki ce ba, 'yar nan.”

Gaskiya ce, ba ta ce ba. Ta yi wa Turawan mujallar da ba ta taɓa gani ba bayani shafi goma sha huɗu, amma ba ta taɓa zama ta yi wa wannan tsohuwa na minti biyar ba.

Ta fita zuwa kududdufin, ko da ta san banza ne. An bar feshi tun wata biyu, ruwan Agusta ya wanke abin da take nema, sai baɗi in damina ta sake faɗuwa. A bakin ruwan ta kira Aƙilu. Ya fara, “Malama, ko za mu roƙe su su ƙara—” Ta ce, “Cire sunana daga jerin Disamba kawai,” ta kashe wayar.

Tana juyowa ta ga uwar ta biyo ta da tiren a ka. Tsohuwa ta ajiye, ta tattare zani, ta shiga ruwan da ƙafafunta masu ciwon sanyi, ta yi ta dama laka da diddige har ruwan ya koma kunu.

“To ga dattin nan, ya ma fi na da. Miƙo.”

Fibi ta buɗe baki za ta yi bayani, ta dubi tsohuwar tsaye cikin laka, ta fasa. Sai ta zubar da ruwan kwalba ɗaya a ƙasa, ta miƙa mata.